Zan bar mota wata takwas a gidan da babu wuta, ya zan yi da batir?

Abban Khalil: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. A watan Janairu zan tafi ƙaro karatu Masar, ba zan dawo ba sai Satumba in Allah ya kai mu. Iyali za su koma gidansu, motar kuma, Corolla ce ta 2010, a gidana zan bar ta. Unguwarmu sabuwa ce, ko turakun wuta ba a kafa ba, balle in ce zan jona caja in tafi. Batirin sabo ne dal, mai am 75, kun kuma san inda kuɗin batir ya kai yanzu. Ba na son in dawo in tarar ya mutu. Me kuke gani?

Ogan Gareji: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai wannan ba abin damuwa ba ne. Ka bar wa wani mukulli, duk ranar Juma'a ya tada ta, ya bar ta a silo kamar minti goma sha biyar, ya kashe. Haka muke gaya wa duk mai tafiya.

Maman Hanifa: Abban Khalil, kowace shawara za ka ɗauka ka ɗauka, amma ban da barin mukulli a hannun yaro. Ba a ba kura ajiyar nama. Maigidana ya taɓa barin tasa a hannun ƙaninsa, wai ya riƙa ɗumama ta. Ɗumamar ta kai ta har ɗaurin aure a garuruwa, ya dawo ya tarar da batir lafiya lau, amma fitilar gaba ɗaya babu, bamba kuma an ɗaure da waya.

Ɗan Kasuwa: Hajiya ai kin ga batirin dai bai mutu ba, shawarar Oga ta yi aiki kenan.

Mai Rewaya: Ni a ganina ka cire kan batir kawai. Sufana lamba goma, ka kwance na baƙi, wato mainas, ka lanƙwasa wayar gefe ka naɗe bakinta da tsumma ko leda don kada ta dawo ta taɓa. Mota ko a kashe take tana shan wuta. Agogo na sha, rediyo na riƙe tashoshinsa, ƙwaƙwalwar mota na sha, na'urar rimot tana nan a farke tana jiran ka danna. In akwai ƙararrawar ɓarayi ko tiraka, wato na'urar da ke nuna inda mota take, to abin ya ƙaru. Da ka cire kan, duk sun yi shiru.

Abban Khalil: Akwai tiraka kuwa, na sa mata bara. Me ya sa na baƙi, ba na ja ba? Ko duk ɗaya ne?

Mai Rewaya: Ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Gaba ɗaya ƙarfen jikin mota haɗe yake da mainas. In ka fara da na ja, sufanarka ta kuskure ta taɓa ƙarfen mota, nan take wuta za ta yi tartsatsi, sufana ta yi zafi jau, in da zobe a hannunka ya ƙona ka. In ka fara cire baƙi, ko sufana ta taɓa ƙarfen mota babu abin da zai faru. Wajen cirewa baƙi ne farko, wajen mayarwa baƙi ne ƙarshe. Yaran shagona ma wannan nake fara koya musu kafin su riƙe mita.

Injiniyan Sola: Salamu alaikum. Bari in sa baki da ɗan lissafi, don maganar tada mota a silo ita ce ta fi yawo, kuma ita ta fi kashe batir a ɓoye. Oga ka yi haƙuri.

Lambar 75 da ke jikin batirin Abban Khalil, ma'anarta a takarda zai iya ba da am ɗaya har awa 75. Mota lafiyayya in tana kashe tana jan tsakanin miliam 20 zuwa 50 (miliam dubu ne am ɗaya). Mu ɗauki 30. A awa 24 ya zama kusan kashi bakwai cikin goma na am ɗaya. A mako am 5 kenan, a wata ya haura am 20. Batir kuwa ba sai ya ƙare tas zai gaza tada mota ba, da ya sauko wajen rabi za ka ji kik yana jan ƙafa. Shi ya sa mota ke yin wata ɗaya da rabi ko biyu a ajiye ta ƙi tashi alhali batirinta sabo ne. Wannan ban ma sa tiraka a lissafin ba.

To mu koma kan silo. A ce ma am 10 ke shiga batir daga altaneta, na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, wanda ba kullum yake kaiwa haka ba. Minti goma sha biyar rubu'in awa ne, am biyu da rabi ya shiga. A makon an ci biyar, an mayar da biyu da rabi, ga kuma abin da kik ya ja wajen tayarwa. Kowace Juma'a ana ganin mota ta tashi ana murna, alhali batirin ƙasa yake yi a hankali.

Ogan Gareji: Injiniya, lissafi daban, aiki daban. Na yi shekaru ina wannan sana'a, motoci nawa aka bar mini ina tayarwa, masu su suka dawo suka hau suka tafi? Kuma kai batir kaɗai kake kallo. Motar da aka bari wata takwas ba a motsa ba fa? Taya za ta kwanta gefe ɗaya, birki ya kama, robobin iyakwandishan su bushe, gas ya zurare, ɓera ya yi gida a cikin injin. Sai ka tsirar da batir ka rasa abin da ya fi shi tsada.

Injiniyan Sola: Wannan gaskiya ne Oga, mota tana son motsi. Amma motsi na gaske, ba silo ba. Silo ba ya juya taya, ba ya taɓa birki. Minti goma sha biyar a tsaye ma inji bai gama zafin da zai ƙone ruwan da ke taruwa a cikin salansa da baƙin mai ba. In akwai amintaccen da zai fita da ita sau ɗaya a wata ya yi tafiyar minti arba'in a kan titi, ba ni da ja. Wannan ya fi silo huɗu. Motocin da aka bar maka kuwa, ina kyautata zaton kana ɗan zagayawa da su, ko kana sa musu caja a shago.

Ogan Gareji: Wani lokaci ina aiken yara da su sayen kaya, ban musa ba.

Maman Hanifa: Kun ji ko.

Baba Tsohon Direba: 'Ya'yana, ku bari in faɗi abu ɗaya kan tada mota a tsaye. Duk wanda za a sa ya yi, kada ya yi a gareji a rufe. Hayaƙin salansa yana da gubar da ba ta da wari, mutum sai dai ya ji kansa ya yi nauyi, barci ya ɗauke shi. Irin wadda ke kashe mutane da janareto a ɗaki ce. A buɗe ƙofa gaba ɗaya, ko a turo motar waje.

Abban Khalil: Allah ya saka da alheri Baba. To Injiniya, in na bi ta Mai Rewaya na cire kan, shi kenan an gama?

Injiniyan Sola: Da wata biyu ko uku za ka yi, da na ce an gama. Wata takwas kuwa da sauran magana, saboda watannin da ka zaɓa. Batir ko ba a haɗa shi da komai ba yana zubar da cajinsa da kansa. A wuri mai sanyi-sanyi, kamar digiri 20 zuwa 25, yana rasa wajen kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wata. Amma duk ƙarin zafi na kusan digiri 10, wannan asarar ninkawa take yi. Kai kuma za ka bar shi ya ratsa Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da garuruwanmu ke haura digiri 40 a inuwa. Ƙarƙashin bonet ɗin motar da ke rana kuwa ya wuce haka nesa.

Abin da ke kashe shi ba saukar cajin ba ne kaɗai, daɗewa a sauke ne. A cikin batir farantan dalma ne a jiƙe cikin ruwan asid. In caji ya sauka, wani farin gishiri yana taruwa a jikin farantan. In an yi caji da wuri yana narkewa ya koma cikin ruwan. In aka bar shi makonni da watanni sai ya daskare ya yi tauri, caji ba ya ƙara narkar da shi. Shi ne za ka kai batir wurin mai caji ya kwana, a ce maka ya cika, ka sa a mota ta tashi yau, gobe da safe shiru. Wurin da zai riƙe cajin ne ya toshe.

Ɗan Kasuwa: Wallahi wannan shi ya samu batirin motar mahaifiyata. Mai caji ya ce a zubar da ruwan a zuba sabon asid.

Mai Rewaya: Kada ka yarda da wannan. Canjin asid ba ya tada batirin da ya daskare, ɗan ƙarfin kwana biyu zai nuna ya koma gidan jiya. Batir mai murafu in ruwansa ya yi ƙasa, ruwa ne ya ƙafe, asid ɗin yana nan. Ruwan batir tatacce ake ƙarawa, har ya rufe farantan. Ban da ruwan rijiya, ban da na leda.

Abban Khalil: Nawa rufaffe ne, ba shi da murafu, sai wani ɗan ido kore a sama.

Mai Rewaya: Irin wannan ya fi jure ajiya, zubar cajinsa ba ta kai ta mai murafu ba. Amma shi kuma in aka dafa shi da caji fiye da kima, ruwan da ya fita ya fita kenan, ba ka da ta inda za ka ƙara. Idon nan kuma kada ka dogara da shi sosai, ɗaki ɗaya yake kallo cikin ɗakuna shida.

Ɗan Damagaram: Sannunku 'yan uwa. Mu nan masu tafiya ci-rani da yawa abin da suke yi, su cire batirin ɗungurungum su kai ɗaki. A ɗora shi kan katako, don in ya taɓa siminti ƙasa tana shanye wutar.

Injiniyan Sola: Kai shi ɗaki mai sanyi dabara ce mai kyau, ta ma fi barin sa cikin mota, ga tsaro daga masu ɗauke batir da dare. Maganar siminti kuwa ta zamanin da ce, lokacin da ake yin gidan batir da katako ko wata baƙar roba mai tsotsar danshi. Na yanzu gidansu filastik ne, siminti ba ya shan komai. Ka ɗora a katako in kana so, ba ya cutarwa, yana ma kare ƙasan ɗaki in asid ya ɗiga. Abin da ya fi katako amfani shi ne ka goge saman batirin ya bushe. Ƙura in ta haɗu da danshin asid a tsakanin kawunan biyu, ta nan wuta ke silalewa.

Ɗan Damagaram: To ni dai a katako zan ci gaba da ɗorawa, haka na tarar.

Baba Tsohon Direba: Kuma ba ɗakin da yara ke kwana ba.

Abban Khalil: To in na kai shi ɗaki, wa zai yi cajin, da me? Nan ne gizo ke saƙar.

Ɗan Kasuwa: Ƙananan janareton nan masu garwaya fetur da baƙin mai, ai suna da wurin cajin batir a jiki, an ma rubuta bolt 12, am 8.3. Maigadi ya riƙa tayarwa yana jona masa.

Injiniyan Sola: Yana yi, amma wurin nan ba shi da abin da ke tsayar da caji in batir ya cika. Turawa kawai yake yi. In maigadi ya jona ya tafi sallah ya biya ta majalisa, sai a dawo a tarar batir ya yi zafi yana tafasa. In da janareto za a yi, gara a sayi caja mai kashe kanta a jona a soket ɗin janareton. Sai dai ka tuna cika batirin dalma ba aikin minti talatin ba ne, ƙarshen cajin a hankali yake shiga, awanni yake ci. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ƙona fetur na awanni duk wata saboda batir ɗaya, lissafin ba ya fita.

Abin da ni zan yi da ni ne: ƙaramin fanel na sola, mai wat 10, da ƙaramar kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin da ke shiga batir. Fanel mai wat 10 yana ba da kusan rabin am in rana ta take. Ka ba shi awa biyar na rana mai kyau, wanda ba ma rasawa a Arewa, am biyu da rabi kenan kullum. Motar da tirakarta da komai ba sa cin haka a yini. Ba sai ka cire kan batir ba ma, tirakarka tana aiki, kana Masar kana ganin motarka a waya.

Abban Khalil: Wannan ta kwanta mini, don dama cire kan batir na nufin tiraka ta mutu.

Mai Rewaya: Tana da ɗan batirinta a ciki, amma ba ya daɗewa. Kuma ka tuna da layin da ke cikinta, ka tabbata ba zai mutu ko data ta ƙare kana can ba.

Ogan Gareji: Ni ina da tambaya ga Injiniya. Fanel ɗan mitsitsi haka, me zai sa a sayi kwantirola? Na ga masu shayi da masu cajin waya suna haɗa fanel da batir kai tsaye, suna harkarsu.

Injiniyan Sola: Su kullum suna shan wutar da daddare, batirinsu ba ya samun damar cika har ya wuce. Kuma ka tambaye su batir nawa suke canzawa. Fanel da ake ce wa na bolt 12, in ka auna shi a rana ba a haɗe da komai ba, za ka ga bolt 20 ko sama da haka. Batirin da ya cika kuma ba a taɓa shi, bai kamata a riƙe shi sama da bolt 13.2 zuwa 13.8 ba. In babu kwantirola, kullum rana ta fito fanel zai yi ta tura shi sama, ruwa yana ƙafewa, wata takwas. Ga na Abban Khalil rufaffe. Sannan da dare, in fanel ɗin ba shi da dayod, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, wuta tana iya komawa baya ta cikinsa. Kwantirola tana maganin duka biyun. In tana da wurin saiti, a sauke ta zuwa wajen 13.4 saboda zafinmu, batir mai zafi ba ya son bolt mai yawa.

Ɗan Birni: Akwai wanda na gani ana tallarsa a intanet, fanel ne siriri, ka ajiye a kan dashbod ta cikin gilashi, ka soka a wurin kunna sigari. Ba waya a waje, ba ɓarawon da zai gani ya ɗauka.

Mai Rewaya: A Corolla ba zai yi ba. Wurin kunna sigarin yawancin motocin Japan yana mutuwa da zarar an zare mukulli. Za ka soka ka tafi, fanel yana ta aiki, ko ɗigo bai kai ga batir ba. Gwajin mai sauƙi ne: kashe mota, zare mukulli, soka cajar waya. In ba ta kawo wuta ba, to hanyar a yanke take. Akwai masu shiga ta soket ɗin da ake sa kwamfutar duba mota a ƙarƙashin sitiyari, shi kullum da wuta a jikinsa. Amma ni na fi son waya ta tafi kan batir kai tsaye, da fiyus ƙarami, am 3 ko 5, a kan wayar ja dab da batirin.

Ɗan Birni: Fiyus na me kuma, wutar da ba ta kai am ɗaya ba?

Mai Rewaya: Ba don fanel ake sa shi ba, don batir ne. In ɓera ya ci wayar ta haɗu da ƙarfe, ba rabin am na fanel zai bi ta ba, ɗaruruwan am na batir ne. Waya za ta yi ja ta kama da wuta, ba kowa a gidan.

Injiniyan Sola: Ƙari a kan haka, fanel a cikin gilashi yana nufin dole motar ta zauna a rana wata takwas. Gilashi yana rage hasken da ke isa fanel, zafi ma yana rage ƙarfinsa, dashbod ya tsage, kujeru su ƙone, batirin da ake son ceto yana gasuwa a ƙarƙashin bonet. Mota ta zauna a inuwa, fanel ya hau kan rufi, waya ta haɗa su. A ɗan karkata shi ya kalli kudu, kada a shimfiɗa shi kwance, don ruwan sama ya riƙa wanke shi.

Wajen haɗawa kuma, batir ake fara haɗawa da kwantirola, sannan fanel. Yawancinsu daga batirin suke gane ko tsarin bolt 12 ne ko 24.

Ogan Gareji: To ga inda zan kama ka. Janairu zai tafi, tsakiyar hazo. Kwana nawa fanel zai yi kafin ƙura ta rufe shi? Ruwan da kake cewa zai wanke shi sai Mayu ko Yuni. Ka ga ko ta wace hanya sai an nemi mutum. Ni na ce a ba mutum mukulli kun yi mini ca, kai ma ga shi sai an ba mutum tsani.

Injiniyan Sola: Ka kama ni da gaskiya a nan. Har ma akwai abin da ya fi haka: kwantirola ita ma tana shan 'yar wuta dare da rana, musamman masu allo da wurin cajin waya. In iska ta tsinke wayar fanel ko aka sace shi, ita da kanta za ta taya motar shanye batirin. Shi ya sa na ce wat 10, ban ce 5 ba, don ko ƙura ta cinye rabi a samu abin da ya isa. Wat 20 ma ba laifi tunda akwai kwantirola. Amma dole wani ya riƙa leƙawa. Bambancin shi ne wanda zai goge fanel ba ya buƙatar mukullin mota.

Maman Hanifa: Tsani ba ya zuwa ɗaurin aure.

Ɗan Kasuwa: Amma Abban Khalil ka kula wajen saye. Na taɓa sayen fanel an rubuta wat 20 a bayansa, da aka auna ko rabi bai kai ba. Takardar baya kowa na iya bugawa ya manna.

Injiniyan Sola: Ka je da mita, ko ka je da mai rewaya. A fito da shi rana tsaka a auna am ɗin da yake bayarwa. Mai wat 10 na gaskiya zai nuna wajen 0.5 zuwa 0.6. In mai shago ya hana a auna, ka ƙara gaba.

Baba Tsohon Direba: Ni kuwa duk wannan wahalar ba zan sha ba. Batir ya fi lafiya a cikin motar da ke aiki kullum. Ba ka da ɗan'uwa ko aboki mai mota irin taka, wanda batirinsa ya tsufa? Ka ba shi naka ya sa, ya yi ta amfani, in ka dawo ya mayar maka, ko ku daidaita ya biya ka ka sayi sabo. Shi ya huta da turi, kai ka huta da tunani.

Ɗan Birni: Baba wannan ita ce hanyar ɓata zumunci. Ya dawo a ce masa ai batirin ya mutu tun da azumi.

Baba Tsohon Direba: To ya sayar masa tun yanzu, kuɗi a hannu. Batir mai wata uku ba zai faɗi sosai ba.

Abban Khalil: Na yi tunanin haka Baba, sai dai kuɗin da zan karɓa yau ban san ko zai sayi rabin batir a Satumba ba. Ga kuma maganar tiraka, gidan ba kowa sai maƙwabta.

Mai Rewaya: In dai tiraka ce damuwarka, kafin ka sayi fanel ka kawo motar a auna abin da take sha a kashe. Ana cire kan baƙi, a sa mita a tsakanin kan batir da wayar, a rufe ƙofofi, a jira kamar minti ashirin zuwa talatin motar ta yi barci, sannan a karanta. Kada dai a taɓa kik mita tana haɗe. Na sha ganin motar da ke jan miliam 200 ko 300 saboda rediyon da aka canza aka haɗa ba daidai ba, ko fitilar but da ba ta mutuwa. Irin wannan fanel mai wat 10 ba zai riƙe ta ba, kuma ba ka sani ba ne saboda kullum kana hawa.

Abban Khalil: An canza rediyon kuwa, mai allo aka sa.

Mai Rewaya: To ka ga dalilin aunawa.

Injiniyan Sola: Sannan ka saya wa wanda zai riƙa leƙawa 'yar mita mai arha, ko ya karanta a allon kwantirola. Da asuba zai duba, kafin rana ta fito, don da rana lambar fanel zai gani, ba ta batir ba. In ya ga 12.6 ko 12.7, batir a cike yake. 12.4 ya sauko zuwa wajen kashi uku cikin huɗu, a duba fanel da waya. 12.2 rabi kenan, a cire shi a kai caji a ranar, kada a jira. Ya ɗauki hoto ya turo maka duk mako biyu. Kuma ranar da za ka ajiye ta, batirin ya kasance a cike, ka yi doguwar tafiya ko ka kai shi caji ya kwana. Ɗan fanel riƙe caji yake yi, ba tada matacce ba.

Ogan Gareji: Tunda kun ƙi tawa, to ku ji sauran. Kada ka ja hambirki ka tafi, damina za ta sa ya manne. Ka sa ta a fakin, ka sa wa tayoyi duwatsu ko katako. Ka ƙara wa tayoyin iska sama da yadda ka saba. Ka canza baƙin mai kafin ka ajiye. A share cikinta tas, ko ɓawon gyaɗa kada a bari, ka toshe bakin salansa da soson ƙarfe saboda ɓera, ka rubuta a takarda ka ajiye kan sitiyari don kada ka manta ka tada ta a toshe. In za ka rufa mata tamfol kada ya kai har ƙasa, iska ta riƙa ratsawa, in ba haka ba ka dawo ka tarar da kujeru sun yi funfuna. Kuma ina nan kan bakana, a samu babban mutum ya fita da ita ko sau biyu ne kafin ka dawo.

Abban Khalil: Wannan zan roƙi yayana, shi ba yaro ba ne, kuma yana da tasa motar. Fanel kuma maƙwabcina mai kanti zai riƙa gogewa, rufin rumfar ba shi da tsawo.

Mai Rewaya: Saura abu ɗaya. Yaushe rabonka da buɗe ƙofar motar da mukulli, ba da rimot ba? In wani abu ya faru batir ya mutu, rimot ba zai buɗe ba, kuma abin jan bonet a ciki yake. Motocin Kwatano da yawa mukullin da ke tada su ba ya buɗe ƙofa, ko dai an canza makunnin, ko ramin ya cushe da ƙura don an shekara ba a soka komai ba.

Abban Khalil: Bari in fita in gwada yanzu.

Abban Khalil: Yana shiga, amma ya ƙi juyawa ko ta ina.

Mai Rewaya: Kada ka matsa masa, zai karye a ciki. Ka fesa man feshin da ake kwance tsatsa da shi a ramin, ka bar shi ya jiƙa, ka riƙa sakawa kana zarewa a hankali. In har gobe bai juya ba, to ba nasa ba ne, sai mai gyaran mukulli ya cire kwaɗon ya daidaita shi da wanda ke hannunka. Ka haɗa da aunin rediyon ka yi su rana ɗaya, kuma ka yanka na biyu ka ba yayan naka.